Fom ɗin da Na Cika a Tashar Bas

Ƙarfe huɗu na asuba a Bradford,
yayyafi na sauka kamar mai jin kunya,
ina tsaye a tashar bas, yatsuna sun ƙage,
waya a hannu, fom a buɗe.

Tambaya ta farko: Me ka gani?
Gurbin amsar bai kai tafin hannu ba.
Ta ina zan cusa masa wata bakwai?

Na ga injin guga
mai haɗiye zannuwan otal dubu uku kafin gari ya waye.
Na ga ranar da Gareth ya kwance murfin ƙarfen da ke tsare bakinsa,
wai murfin ne ke ci mana lokaci.
Ya jingine shi bayan tukunyar tururi,
muka mai da shi wurin rataye riguna.
Na ga ƙofar gudun gobara da sarƙa a wuya
don wai ana fita shan taba.
Na ga Mirela.

Nan na tsaya. Bas ta zo ta wuce.

Mirela, mai raba mana burodin garinsu da tsakar dare,
mai kirana ƙanenta ko da na girme ta.
Bakin zani ya naɗe, ta kai hannu ta gyara
kamar yadda duk muke yi sau ɗari a dare.
Ihun da ta yi ba shi da yare.
Kwabena ne ya kai ga jan maɓalli,
ni kuwa ƙafafuna sun zama na aro.
Yatsu biyu.
Aka naɗe hannun da farin tawul ɗin baƙi,
a littafin haɗari aka rubuta: ta ɗan ƙone.
Kafin awa guda injin ya koma kan abincinsa.

Tambaya ta biyu: Kana so a ɓoye sunanka?

Na tuna takardar zamana da ke aljihun kamfani,
da kuɗin makarantar Nusaiba a Funtuwa,
da rufin kwanon da na yi alkawari kafin damina.
Kawu ya ce mini ranar da zan taho:
baƙo makaho ne ko da idonsa, ci naka ka yi shiru.
Na yi shirun, Kawu.
Ya ci yatsu biyu, kuma bai ƙoshi ba.

Na danna: a ɓoye.
Ban ce ni jarumi ne ba.
Na sa lambar injin, da rana, da awa,
da hoton murfin ɗauke da rigunanmu.
Na tura. Aka ba ni wata doguwar lamba,
na kwafe ta a bayan tikiti.

Kwana tara ba labari.
Na ce na yi shuka a idon makwarwa.

Ran na goma wata gajeriyar mata ta shigo
daga hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata.
Ba ta ɗaga murya ba. Ta karanta littafin haɗari,
ta dubi Gareth ta saman tabarau,
ta ce a nuna mata murfin.
Muka kwashe rigunanmu.
Ta sa aka kashe injin, aka yanke sarƙar.
Ranar na fara jin ɗakin ba ƙugi.
Ashe akwai agogo a bango, yana ta bugawa tun tuni.

Yanzu Gareth na bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya
kamar wanda akuyarsa ta ɓata ran kasuwa.
An rage mini dare biyu a mako.
Ko ya sani, ko zato ne, oho.

Jiya Mirela ta aiko da saƙo da hannun hagu:
wa ya faɗa?
Na ce mata ban sani ba, 'yar'uwa.
Sannan na ƙirga yatsuna a hasken fitilar bas,
na sake ƙirgawa.